Cerin Nanking: itacen da sanyi ya kasa kashewa, kasuwa kuma ta ƙi karɓa

Firizar da ke gidanka, ko ta mai sayar da ƙanƙara a unguwarku, tana aiki ne a wajen digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Ka jefa ganyen alayyafo a ciki ya kwana, da safe ka fito da shi ya narke, za ka ga ya yi laƙwas ya saki ruwa, ya mutu murus. To akwai wani ɗan itace da ke tsayawa a fili, ba rumfa ba bargo, a cikin sanyin da ke kaiwa digiri 40 ƙasa da sifili. Watan Afrilu na kamawa sai ya lulluɓe da fure fari mai ratsin ja, tun ganye ko ɗaya bai fito ba. Kafin Yuli ya ƙare rassansa sun cika maƙil da 'ya'ya jajaye masu zaƙi da ɗan tsami.

Sunansa a Turance cerin Nanking. Ɗaruruwan shekaru ke nan mutane na shuka shi, daga fadar sarakunan Koriya har bayan gidajen manoman Kanada. Amma ka zagaya manyan kantunan duniya, da wuya ka ga kwandonsa ko ɗaya a kan kanta. Mai karatu, biyo mu ka ji yadda aka yi haka, don a cikin tarihin itacen nan akwai amsar tambayar da duk mai sha'awar dashe ke yi: me ya sa wani iri ke bin mutane har bangon duniya, wani kuma ya ƙi zama ko da an ba shi ruwa da taki?

Wane irin itace ne?

Kada ka hango doguwar bishiya. Tsayuwarsa irin ta sabara ce: rassa da yawa suna tasowa daga gindi ɗaya, tsayinsa mita 2 zuwa 3, faɗinsa ma kusan haka. Ganyensa na da gashi-gashi mai laushi, musamman ta ƙasa, in ka shafa kamar karammiski. Ɗansa bai wuce ɗan magarya ba, kimanin santimita ɗaya, da ƙwallo guda a tsakiya. Ka riƙe wannan siffar tun yanzu, za mu dawo kanta: 'ya'yan ba sa lilo a kan dogon sili kamar cerin da kake gani a hoto. A manne suke da reshe, jere reras.

Asalinsa arewaci da yammacin ƙasar Sin ne, har tsaunukan Tibet, da Koriya da Mongoliya. Sunan Nanking ɗin yana da ɗan ruɗi, domin birnin Nanjing yana can kudu a bakin kogin Yangtze, alhali ƙarfin itacen a ƙasashen sanyi na arewa yake. Shi ya sa wasu ke ce masa cerin Mancuriya, wasu cerin Koriya. Sinawa na kiransa mao yingtao, wato ceri mai gashi. Rashawa sun sa masa sunan wani bargo da suke yi da dannannen gashin tumaki. Kowa dai ganyen nan ya taɓa.

Itacen fada, itacen talaka

A Koriya ne tarihinsa ya fi fitowa fili. Sunansa a can aengdu, kuma darajarsa ta samo asali daga abu guda: yana cikin 'ya'yan itacen da ke riga kowa nuna. Ka tuna muna maganar zamanin da ba firji, ba jirgin da zai kawo lemo daga wata nahiya. Mutane sun yi watanni suna cin hatsi da busasshen ganye da kayan da aka tsima da gishiri. Ɗanyen ɗan itace na farko a shekara ba ƙaramin abu ba ne. A zamanin daular Joseon, ana kai nunan fari na aengdu ɗakin tunawa da magabatan sarauta na Jongmyo, a birnin da yau ake kira Seoul.

Marubutan zamanin sun ruwaito cewa Sarki Sejong, wanda ya yi mulki daga 1418 zuwa 1450, shi ne kuma ya samar wa Koriyawa haruffan da suke rubutu da su har gobe, yana matuƙar son aengdu. Ɗansa mai jiran gado, wanda ya hau karaga da sunan Munjong, sai ya dasa itacen da hannunsa a lambun fada, yana kula da shi, in ya nuna ya kai wa mahaifinsa. Har yau Koriyawa na ba da labarin a matsayin misalin biyayya ga iyaye.

Talakawa ma ba a bar su a baya ba. Itace ne da ba ya cin wuri, ana dasa shi a gefen katanga. A bikin Dano, ranar 5 ga wata na 5 a kalandarsu ta wata, akan cire ƙwallayen a jiƙa 'ya'yan da zuma a yi abin sha mai sanyi. In Bakoriye zai yabi kyawun leɓen mace, da aengdu yake kwatanta shi.

Yadda ya sami sunan kimiyya

Daga Sin da Koriya aka shigar da shi lambunan Japan, inda ake kiransa yusuraume. A nan wani Bature ya gamu da shi.

Carl Peter Thunberg ɗan ƙasar Suwidin ne, almajirin Linnaeus, malamin da ya kafa tsarin ba tsirrai suna mai kalma biyu. A lokacin Japan ta rufe ƙofarta ga Turawa, in ban da 'yan Holan. Don haka sai da Thunberg ya yi shekara uku a Afirka ta Kudu yana tattara tsirrai yana gyara harshen Holanci, sannan ya isa Nagasaki a 1775 a matsayin likitan kamfanin cinikin Holan. Can ma ba a sake shi ba. An killace baƙi a wani ɗan tsibiri, Dejima, ba fita sai da izini. Dabarar da ya yi ita ce bincika ciyawar da ake kawo wa dabbobin tsibirin, yana tsince ganye da fure daga harawa. Yana kuma koya wa tafintoci likitancin Turai, su kuma suna kawo masa tsirrai. A 1776 ya sami damar bin tawagar kamfanin zuwa Edo, wato Tokyo ta yau, yana tsinta a hanya.

A 1784 ya fitar da littafinsa kan tsirran Japan, a ciki ya raɗa wa itacen namu suna Prunus tomentosa. Kalmar farko sunan dangi ce, ta biyu kuma da Latin tana nufin mai lulluɓe da gashi. Ka lura da wani abu: da yawa daga abin da Thunberg ya gani tsirran lambu ne, da dama daga cikinsu baƙi ne daga Sin. Ke nan kimiyyar Turai ta fara sanin itacen nan ne a matsayin abin da manoman Asiya suka riga suka zaɓa suka raina, tun kafin wani masani ya je ya gan shi a dajinsa. Sai wajen 1870 ya isa lambunan Ingila, inda aka ɗauke shi itacen ado saboda furensa.

Me ya hana sanyi kashe shi?

Kafin mu bi shi Rasha da Amurka, ya kamata ka san abin da mutanen can suka je nema a wajensa.

Abin da ya kashe alayyafon nan na firiza shi ne ƙanƙara da ta daskare a cikin ƙwayoyin halittar ganyen, tsininta ya farfasa su. Itacen ƙasar sanyi yana kauce wa wannan ne ta hanyar shiri. Da kaka, yini na raguwa dare na ƙaruwa, sai ya gane lokaci ya yi. Ya daina girma, ya zubar da ganye, ya tara sukari a jikinsa. Ruwa mai sukari ba ya saurin daskarewa. In sanyin ya tsananta, ƙanƙarar kan taru ne a ratar da ke tsakanin ƙwayoyin halitta, tana zuƙo ruwa daga cikinsu a hankali. Sai su yamutse kamar busasshen tumatir, amma ba su fashe ba. Ɗumi na dawowa su sake shan ruwa.

Akwai shiri na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga labarinmu. Idanun furen da za su buɗe baɗi, tun bana itacen ya yi su, ya kulle su cikin barci. Ba za su farka ba sai sun tara ɗaruruwan sa'o'i a cikin sanyi matsakaici, wajen digiri 0 zuwa 7. Kamar dai mai lissafi da carbi. Amfanin wannan a bayyane yake: da ɗumin kwana biyu a tsakiyar hunturu zai iya yaudararsa ya yi fure, sanyi na dawowa shi ke nan an yi asarar shekara. Ƙwallonsa ma haka yake. Ba ya tsirowa sai ya yi kimanin wata uku a ƙasa mai damshi da sanyi.

Wato sanyin nan da yake jurewa, bukatarsa yake yi. In babu shi, ba fure ba ɗa.

Rasha: inda aka ɗauke shi da gaske

A 1858 da 1860 Rasha ta ƙulla yarjejeniyoyi da Sin, ta karɓe yankin kogin Amur da gaɓar tekun Fasifik. Aka kafa Khabarovsk da Vladivostok. Manoma suka yi ta kwararowa daga yammacin Rasha da Yukiren, ɗauke da dashen tuffa da cerin gidajensu. Hunturun yankin, mai tsananin sanyi da bushewa, ya yi ta kashe su. A maƙwabta kuwa, a Mancuriya da lambunan Sinawa da Koriyawa, ga wani ɗan ceri yana 'ya'ya abinsa kowace shekara. Baƙin suka karɓa.

Wanda ya tallata shi a yammacin ƙasar shi ne Ivan Michurin, wanda ya rayu daga 1855 zuwa 1935. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne a garin Kozlov, ya ƙarar da rayuwarsa yana neman 'ya'yan itacen da za su iya da sanyin tsakiyar Rasha. Da farko ya bi ra'ayin da ake yayi a lokacin, cewa in ka ɗauko reshen iri mai daɗi daga kudu ka yi masa aure da gindi mai juriya, a hankali zai saba da sanyi. Ya yi shekaru a kan haka, hunturu mai tsanani ya zo ya share masa gona. Sai ya sauya hanya: ya riƙa haɗa iri daban-daban, yana shuka ƙwallaye masu yawa, yana zaɓen waɗanda suka rayu. Ya nemo tsirrai daga Gabas Mai Nisa, cikinsu har da cerin nan, wanda ya yaɗa da sunan Ando. Saboda aikinsa aka sauya wa Kozlov suna zuwa Michurinsk a 1932.

Darasin da Michurin ya koya da tsada shi ne cewa juriya gado ce. Kowane ƙwallo da ɗan bambancinsa, hunturu ne ke tankaɗe su, mai lambu kuma ya zaɓi mai daɗi a cikin waɗanda suka saura.

A kan wannan hanya masana na zamanin Tarayyar Sobiyet suka ɗora. Grigory Kazmin a Khabarovsk ya fitar da iri irin su Leto da Damanka. A tashar gwaji ta cibiyar Vavilov kusa da Vladivostok, Vera Tsarenko da Natalia Tsarenko suka fitar da Natali da Alisa da wasu da dama, masu 'ya'yan da ke kai gram 3 zuwa 4, sun fi na daji girma sosai. Masu saye kuma suna nan birjik. Gwamnatin Sobiyet ta raba wa ma'aikatan birni 'yan filaye a bayan gari, yawanci murabba'in mita 600, don su noma abin da kanti ba ya samarwa. A fili irin wannan ba wurin babbar bishiya. Itace gajere, mai fara 'ya'ya da wuri, wanda yaro zai tsinka yana tsaye, shi ne daidai. Abin da ba a ci ɗanye ba sai a dafa da sukari a ɗura a kwalba, a ajiye wa hunturu.

Amurka da Kanada: filin da ba bishiya

Labarin ya maimaita kansa a wata nahiyar. Dokar rabon filaye ta Amurka ta 1862 da takwararta ta Kanada ta 1872 sun ja dubban iyalai zuwa faffaɗan filin ciyawa na tsakiyar nahiyar, kowa da eka 160. Ƙasa ce mai kyau ga alkama, amma ba bishiya, ga iska, ga fari, ga sanyin da ke kai digiri 40 ɗin nan. Tuffa da cerin da suka zo da su daga gabas ba su kai labari ba.

Cerin Nanking ya shiga Amurka ne kafin ƙarshen ƙarni na 19, ta lambun bincike na Arnold da ke Boston, mallakar Jami'ar Harvard, wanda aka kafa a 1872. A Boston kayan ado ne kawai. A filin ciyawa ne ya zama abinci.

Mutumin da ya fi kowa tsayawa kan wannan matsala shi ne Niels Hansen, haifaffen Denmak, malami a kwalejin noma ta Brookings a jihar Dakota ta Kudu. A 1897 ma'aikatar noma ta Amurka ta tura shi Rasha da tsakiyar Asiya neman iri, ya kuma yi ta komawa har Siberiya. Hujjarsa mai sauƙi ce: in kana son abin da zai rayu a Dakota, je ka ƙasar da sanyinta ya kai na Dakota. Shi kansa ya fi ba da ƙarfi ga wani ɗan'uwan cerin Nanking na ƙasar Amurka, cerin yashi, yana shuka dubbai yana zaɓe. Tashoshin gwaji na maƙwabta suka yi wa cerin Nanking irin wannan aikin. Tashar Morden a lardin Manitoba ta fitar da irin Drilea a 1938, Jami'ar Minnesota ta fitar da Orient a 1949.

Bayan fari da guguwar ƙura na shekarun 1930, dasa layukan bishiyoyi don kare gona daga iska ya zama babban aiki a yankin. Har yau hukumomin kare ƙasa na jihohin Dakota na lissafa cerin Nanking cikin gajerun itatuwan da suka dace da wannan shinge. Yana tare iska, yana tara dusar ƙanƙara ta narke a gona, tsuntsaye su ci, mutanen gida su ci.

To me ya hana shi shiga kasuwa?

Yanzu mu koma kan siffar da muka ce ka riƙe. Cerin da ake fatauci da shi ana tsinke shi ne da silinsa. Silin nan tamkar murfi ne, yana hana ruwa fita, yana hana ruɓa shiga. Fatarsa da namansa kuma suna da ƙarfi. Shi ya sa ƙasar Chile ke iya loda shi a jirgin ruwa ya yi makonni yana ƙetare tekun Fasifik, ya isa kasuwannin Sin lafiya lau a lokacin bikin sabuwar shekararsu. Ka ji fa, Sin ɗin da ita ce mahaifar cerin Nanking.

Shi kuwa namu, da yake ɗan a manne yake da reshe, kana tsinka sai wurin ya ɗan yage ya fara tsatsar ruwa. Fatar siririya ce, naman ruwa-ruwa. Kwana ɗaya ko biyu ya fara lalacewa. Ga ƙanƙanta: kafin ɗan ƙwadago ya cika kwando ɗaya, mai tsinkar babban ceri ya cika da yawa. Ga ƙwallo da ya cinye wuri. Itacen kansa ba ya daɗewa, shekara 10 zuwa 20 ya tsufa. Duk wanda zai zuba jari a gonar eka ɗari, lissafin ba zai fitar da shi ba.

Sakamakon haka, irin da tashoshin Amurka da Kanada suka sha wahalar zaɓa sun kusa ɓacewa daga hannun masu sayar da dashe. Abin da ake sayarwa a can yau yawanci tsiron ƙwallo ne marar suna. Da Jami'ar Saskatchewan ta so samar wa manoman filin ciyawa cerin kasuwa, wani dangin ta koma, ta haɗa ceri mai tsami da wani gajeren ceri na dajin Rasha. A 1999 ta fitar da Carmine Jewel, wanda shi ma gajere ne mai jure sanyi, amma inji na iya girbe shi.

Duk da haka cerin Nanking ya shiga manyan gonaki, ta ƙarƙashin ƙasa. Masu auren itace sun daɗe da lura cewa ba ya karɓar reshen ceri na ainihi, amma yana karɓar na mishmish da na fulam, wani ɗan itacen ƙasar sanyi mai ƙwallo ɗaya, girman lemon tsami. Binciken ƙwayoyin gado ya zo ya tabbatar da abin da wuƙar mai lambu ta riga ta nuna: ya fi kusa da fulam nesa ba kusa ba, sunan ceri kama ce kawai ta ja masa. A tashar Krymsk da ke kudancin Rasha, Gennady Eremin ya haɗa shi da wani fulam na daji ya samar da gindin da ake kira Krymsk 1. In aka yi wa fulam aure da wannan gindi, bishiyar kan fito gajeriya ta fara 'ya'ya da wuri. Manoma a Turai na amfani da shi, mai cin fulam ɗin kuwa bai san da zaman saiwar ba.

Abin da masu lambu suka koya

In ƙaddara ta kai ka ƙasar sanyi, karatu ko aiki, ka sami ɗan fili a bayan gida, ga abin da ƙarnoni suka tara.

Kada ka dasa guda ɗaya. Kowane fure na da ɓangaren namiji da na mace, ba kamar dabino ba, amma yawancin itatuwan na ƙin bununin kansu. Akwai wani sinadari a jikin furen da ke gane bununin gida ya tsayar da shi kafin ya isa. Dole sai ƙudan zuma sun kawo na wani itacen dabam. Don haka a dasa biyu ko uku waɗanda ba daga reshen uwa ɗaya aka ciro su ba, da tazarar mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Mutane da yawa sun yi shekaru suna kallon fure ba ɗa saboda wannan.

A ba shi rana sosai, da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Nan ne abin mamaki yake: itacen da ya gagari digiri 40 ƙasa da sifili, hunturu mai sauƙi ne ke kashe shi. In dusar ƙanƙara ta zuba da yawa a kan ƙasar da ba ta daskare ba, ko ta riƙa narkewa tana sake daskarewa, sai wuyan gindin ya zauna cikin damshi, ɓawon ya ruɓe ya zagaye. Watan Afrilu itacen ya yi fure kamar lafiya, sannan ya bushe. Shi ya sa masu lambu a Rasha ke dasa shi a kan tudu ko kunya, ba sa binne wuyansa.

Tsiron ƙwallo kan fara 'ya'ya a shekara ta uku ko ta huɗu. Ƙananan rassa ne suka fi ba da 'ya'ya, don haka akan sare tsofaffin daga gindi lokaci-lokaci. In aka yi ruwa lokacin fure, wata cutar funfuna mai suna Monilinia kan shiga ta furen ta busar da reshe kamar an babbaka shi da wuta, maganinta na farko shi ne a yanke reshen a ƙone. Zomaye da ɓeraye na gaigayar ɓawonsa da hunturu. Sannan a ja wa yara kunne kada su fasa ƙwallon su ci na ciki, domin yana da sinadarin da ke sakin guba irin ta rogo mai ɗaci.

Zai yi a Kano ko Damagaram?

Wannan ce tambayar da muka san tana bakinka, musamman yanzu da ake tallar iri kala-kala a intanet, da hotuna masu ɗaukar ido da alkawarin cewa itace ne mai jure komai. Amsar ita ce a'a, kuma ka riga ka san dalili. Daren hunturunmu bai cika sauka ƙasa da digiri 10 ba, rana na fitowa kuma zafi ya dawo. Ɗumin rana yana ma goge ɗan abin da itacen ya tara da dare. Jos takan fi haka sanyi, amma sa'o'in ba su kai ba. Ko ka yaudari ƙwallon da firji ya tsiro, idanunsa za su zauna a kulle suna jiran hunturun da ba zai zo ba, itacen ya yi ta rama har ya mutu. Kuɗinka da shekarunka sun tafi.

Ka duba taswirar tafiyarsa: Mancuriya, Koriya, Amur, tsakiyar Rasha, Dakota, Manitoba. Ya zagaya rabin duniya, amma bai taɓa sauka daga layin sanyi ba. Don haka duk lokacin da aka ce maka iri mai juriya ne, ka tambaya: juriyar me, a ina?

Abin da za ka iya ɗauka daga tarihin nan shi ne hanyar da mutanen suka bi. Michurin da Hansen ba su ci nasara ba sai da suka daina lallashin baƙon iri, suka koma kan abin da ya riga ya iya da ƙasa irin tasu, suna zaɓe suna haɗawa. An yi irin wannan a kusa da mu. A tashar bincike ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, an yi ta yi wa magaryar gida aure da rassan magaryar Indiya masu manyan 'ya'ya, irin su Gola, waɗanda manoman can suka daɗe suna zaɓa. Saiwar tamu ce, ta san fari da zafin bazara, ɗan kuma ya ninka na daji girma har ake ce masa tuffar Sahel. Kurna da aduwa da kanya da ɗinya na nan, yawancinsu yadda daji ya bar su. In ka san wata magarya ko kanya a garinku da kowa ya yarda ta fi saura zaƙi, to ka lura da inda take kafin mai gatari ya riga ka. Da irin wannan bishiya ɗaya ake fara aikin zaɓe.